Fumfunar da Ta Shiga Ciki

Idan ka shiga Sharada ka tambayi Dokta Aina'u Ya'u, sai mutane su yi ta kallon juna. Amma ka ce likitar kwalba, 'yar Ladidi mai alala, nan da nan za a nuna maka lungun gidansu, har a ƙara maka da labarin da ba ka tambaya ba. Kwalba dai ita ce akwatin gilashin nan da ake kwantar da bakwaini a asibiti don ya sami ɗumi. Aina'u ta fara furfura a tsaye a kan waɗannan akwatuna, amma har gobe akwai masu cewa ai raino kawai take yi, tunda ba ta yanka mutum ta ɗinke. Wai raino! Kuma masu faɗar haka, a miƙa musu bakwaini su riƙe, sai su ja da baya.

Mahaifinta Malam Ya'u ma'aikacin masaƙa ne a Bompai, tun zamanin da jiniyar kamfani ke tashin unguwa. Ran da masaƙar ta rufe aka ce musu su je gida za a neme su. Har ya koma ga Allah ba a neme shi ba. Ladidi ce ta riƙe gidan da tukunyar alala da ta shinkafa da wake a bakin ƙofar kamfanonin Sharada, kuma da wannan tukunya Aina'u ta yi firamare, ta yi sakandare, ta shiga jami'a.

Aina'u tana ƙarama Ladidi ta haifi bakwaini. Malam Ya'u ya zo da auduga daga masaƙa aka naɗe shi a ciki, matan unguwa suna shigowa barka da fuskar ta'aziyya. Wata ma cewa ta yi kada a wahalar da rago. Yaron nan shi ne Musbahu, wanda yanzu yake jan tirela a Dakata, sai ya karkace kafin ya shige ƙofar zaure. Don haka tun kafin ta buɗe littafin likitanci Aina'u ta san bakwaini yana rayuwa, kuma duk wanda ya ce mata ba haka ba, ƙaninta take nuna masa.

Kada wani ya ɗauka waliyyiya ce. Tana da faɗa, tana da gaggawa, ba ta iya gaisuwa mai tsawo ba. Abokan karatunta sun watse, wasu Saudiyya, wasu Ingila. Ita ma ta so tafiya, Ladidi ce ta ce in ta tafi wa zai riƙa auna mata hawan jini. Shi ke nan ta zauna, aka tura ta ɗakin jarirai na wani asibitin gwamnati da matan kamfanoni suka fi zuwa, saboda adaidaita ɗaya ke kai su.

A wannan ɗaki ta ga abin da ya hana ta sukuni. Za a kawo bakwaini kamar ba zai kai gobe ba, a yi ta fama, ya tsallake kwanakin farko masu wuya. Ya fara shan nono ta roba, ya fara kumatu, uwa ta fara tambayar yaushe za a sallame su. Sai kawai wata safiya a ga ya yi laushi, ciki ya kumbura, numfashi yana ɗaukewa yana dawowa. A ba shi antibayotik, shiru. A canza wani mai ƙarfi, shiru. A ƙara na uku. Daga nan sai a naɗe shi a zani a miƙa wa uba, a ce cuta ce ta shiga jini. Wace cuta? Oho. Ba wanda ya tsaya ya tambaya, don gadon ma wani na jira.

Aina'u ta tsaya ta tambaya. Ta riƙa ɗiban jinin irin waɗannan jarirai tana kai wa ɗakin gwaji da ƙafarta, tana roƙon kada a zubar da farantin da ake zuba jinin a kai da wuri, a bar shi ya daɗe a ga abin da zai tsiro. Abin ya tsiro kuwa, fari-fari kamar ɗigon madara. Sunansa Kandida. Ba ya cikin ƙwayoyin da antibayotik ke kashewa. Hasali ma antibayotik gata yake yi masa, ya share masa duk abokan gaba ya bar masa fili. Yana son ɗumi da laima, wato kwalba. Yana bin robar ƙarin ruwa ya shiga jini. Yana yawo a ƙarƙashin farce da zoben ma'aikata, daga wannan jariri zuwa wancan.

Da ta kai maganar gaban manyanta, wani ya ce wannan ciwon asibitocin Turai ne, mu nan zazzaɓi da talauci ne ke kashe mana yara. Wani ya ce ta bari ta gama girma tukuna. Ku ji fa! Yara na mutuwa, ana maganar girma. Ba ta bari ba. Ta sa aka cire zobba, aka yanke farce, ta kafa bokitin famfo da sabulu a bakin ƙofa, ta tsaya a kai kamar ɗan sanda. Ta hana a riƙa jibga wa jariri antibayotik babu dalili. Nas-nas suka sa mata suna Hajiya Sabulu. Shekara da shekaru tana tattara abin da ta gani, tana rubutawa, tana aikawa mujallun likitoci, wasu su karɓa wasu su dawo mata da shi. Mutuwar ta ragu. Ba ta ƙare ba, amma ta ragu, har wanda ya ce ciwon Turai ne ya fara faɗa a taro cewa sashensa ne ya gano.

Abu ɗaya ne karatu bai ba ta ba: sunan da za ta kira abin da Hausa. Ba za ka tsaya gaban matar da ta taso daga injin leda ka ce mata Kandida ba, sai ta ɗauka sunan wata Inyamura ce. Da fari ta gwada cewa yis, don a gaskiya dangin yis ne. Wata mai jego daga Na'ibawa ta dube ta sama da ƙasa.

"Yis? Likita, ɗan nawa fanke ne?"

Ɗaki ya kwashe da dariya. Sista Safiyatu, babbar nas ɗin ɗakin, wadda ta girme ta kuma ba ta raga mata, ta ce, "Dokta, saura sukari da mai, sai mu ɗora kasko."

Daga nan ta koma cewa fumfuna. Wannan kam ta shiga. Kowace mace ta san tuwon da ya kwana biyu, ta san burodin damina. Da ta ce fumfuna, sai ka ga uwa ta tashi ta wanke hannu ba a ce mata ba. Aina'u ta san ba daidai ba ce ɗari bisa ɗari, amma tana aiki, kuma ta yi shekaru tana aiki. Har aka kawo Badi'a.

Badi'a yarinya ce 'yar wajen Jigawa, tana aiki a wani kamfanin tabarmar roba a Sharada, kashuwal, irin waɗanda ake ɗauka a bakin ƙofa. A tsaye ake aikin, daga shiga har fita. Cikinta na fari, wata bakwai, faya ta fashe mata a gaban inji. Babu wanda ya taɓa cewa a ba ta kujera, don a kamfanin nan mai ciki in ta nemi kujera, gobe wata ce a wurinta. Mijinta Ɗayyabu yana wani kamfanin fata a Challawa, shi ne mai ware fatun awaki da na tumaki idan an sauke su daga mota. Aka haifi yaro namiji, tafin hannu biyu ya ɗauke shi. Aka yi suna yana kwalba, aka sa masa Abubakar, sunan mahaifin Ɗayyabu.

Yaron ya yi ƙoƙari. Ya wuce kwanakin tsoro, ya fara motsi da ƙarfi, har Sista Safiyatu na ce masa sarkin naushi. Ana tsakiyar damina, bango na gumi, wuta na zuwa tana tafiya, sai ga alamun nan da Aina'u ta sani kamar yunwar cikinta. Ta ɗebi jini. Faranti ya tsiro. Kuma irin fumfunar da ta kama shi ba ta jin maganin da ke sito, sai wani mai ƙarfi wanda asibitin ba shi da ko kwalba ɗaya.

Da la'asar Ɗayyabu ya zo daga aiki da takalmin roba, tafin hannunsa duk gishiri ya tsattsaga. Aina'u ta same su shi da Badi'a a bencin baranda.

"Malam Ɗayyabu, sakamako ya fito. Mun gano abin da ke damun Abubakar. Fumfuna ce."

Ya ɗago kai. "Fumfuna?"

"E, irin wadda ka sani."

"A sama take? A fatarsa?"

"A'a, ba a sama ba. Ta shiga ciki. Tana cikin jini."

Can ya ce, "Ta ci ta ciki ke nan."

"Ƙwarai kuwa."

Har daɗi ta ji, ta ce yau ga mutum mai saurin ganewa. Ta ci gaba da bayani, cewa akwai magani, babu shi a nan amma gobe da kanta za ta je ta nemo. Yana ta gyaɗa kai. Da ta gama ya miƙe, ya rusuna.

"To, Likita. Kun yi iya yinku. Allah ya saka da alheri."

Ita da ta tashi a Sharada, ta san lokacin da ake cewa kun yi iya yinku. Ba a faɗar ta sai an gama. Amma daidai nan aka ƙwala mata kira daga ciki, wani jaririn ya ɗauke numfashi, ta ruga.

Washegari tun da safe ta shiga gari farautar magani. Asibitin farko babu. Na biyu akwai, amma mai makullin sito ya tafi ɗaurin aure, ranar aiki fa. A na uku ta sami wata abokiyar karatunta ta ba ta abin da zai isa a fara. Ta dawo bayan azahar da kwali a cikin kular ƙanƙara, tana shiga ta ga Sista Safiyatu a tsaye, hannu a ƙugu.

"Sun tafi da shi."

"Wa?"

"Ɗan Badi'a. Uban ya zo da tsohuwarsa da zani. Na yi magana, na yi faɗa, na kira ƙaramin likita ya yi Turancinsa. Mutumin nan ko ɗaga murya bai yi ba. Cewa kawai yake, Sista, ku ba ni ɗana. Na kira wayarki, a kashe take."

"Ita Badi'ar fa?"

"Kuka. Me za ta yi?"

Aina'u ta ajiye kular. Ta san bakwaini irin wannan, da cuta a jini, babu ɗumi, babu ƙarin ruwa, ba kwana yake ƙirgawa ba. Ta tambayi inda suke. Safiyatu ta ce ta ji Badi'a na cewa bayan kamfanonin fata, kusa da tankin ruwan unguwa.

"Dokta, ba aikinki ba ne bin mutane gida."

"Na sani. Ki sa wannan a firji."

Duk wanda ya san Challawa da damina ya san hanyar. Tireloli sun kwakkwafe kwalta, kwatoci sun cika sun tumbatsa da ruwan kamfani, wani shuɗi, wani baƙi, wari kuwa ko ka rufe gilashi sai ya same ka. A nan mutane ke haihuwa, a nan suke girki, kuma masu kamfanonin ba a nan suke kwana ba. Aina'u ta bar tsohuwar motarta a gindin tanki, ta tattare zani ta shiga lungu da ƙafa.

Abin da ta tarar a tsakar gidan ya fi warin tayar mata da hankali. An shimfiɗa tabarmi a rumfa. Mata sun zauna jigum-jigum, wasu da carbi. Ba a yi mutuwa ba, amma an zauna zamanta. Ɗayyabu yana tsugune a bakin ƙofar ɗaki, bai je aiki ba. Da ya gan ta ya miƙe da sauri.

"Likita! Ku da kanku?"

Ko sallamar kirki ba ta yi ba, ta ɗaga labule. Ɗakin ya turnuƙe da hayaƙin gawayi. Mahaifiyar Ɗayyabu, wadda kowa ke kira Inna, tana zaune a gaban kasko da yaron a cinya, an naɗe shi da bargo. Badi'a na rakuɓe a ƙarshen gado. Aina'u ta durƙusa, ta sa hannu a ƙirjinsa. Yana numfashi, sama-sama. Ƙafafunsa sanyi ƙalau.

"Inna, don Allah a fitar da kaskon nan, hayaƙin zai shaƙe shi." Ta juyo. "Malam Ɗayyabu, wa ya ce maka ka ɗauko yaron nan?"

"Likita, ai gara ya cika a hannun uwarsa. Ba zan bar shi ya tafi shi kaɗai a cikin gilashi ba, ko mai shafa kansa babu."

"Ya cika? Wa ya ce maka cikawa zai yi?"

Ya dube ta da mamaki na gaske. "Ke kika faɗa."

"Ni? Yaushe? Ni da na ce maka zan nemo magani?"

"Wannan ai lallashi ne, kowa yana yi. Na gode ma." Ya gyara tsayuwa. "Likita, aikina ke nan, ware fata. Wadda fumfuna ta hau ta sama, a goge, a ƙara gishiri, ta wuce. Wadda ta ci ta ciki, ko wa za a kira ba ta gyaruwa. Ka ja ta, ta yage a hannunka. Ni nake jefa ta gefe, ni nake cewa rijet. Shi ya sa na tambaye ki, sama ce ko ciki. Kika ce ciki. Na sake tambaya, kika ce ƙwarai."

Sai a nan Aina'u ta gane. Kalmar da ta yi shekaru tana jin daɗinta, wadda ke sa mata su wanke hannu, ita ce a kunnen mutumin nan ta zama hukunci. Matan da ta saba yi wa bayani tuwo suke tunawa. Shi fata ya tuna. Kuma ga shi ya tambaya har sau biyu, da ladabi, ita kuma tana murnar ya gane. Haushi ya kama ta, na kanta da nasa gaba ɗaya, kuma da yake ba ta iya haushi a ɓoye ba, sai ya fito ta baki.

"Malam Ɗayyabu, fatar da kake warewa, akuyar tana ciki?"

"Wace akuya?"

"Mai fatar. Tana ciki tana numfashi?"

Wata tsohuwa a rumfa ta yi dariya, ta yi maza ta toshe baki da mayafi.

"An yanka ta tun a kasuwa," in ji Aina'u. "Fatarka ba ta da jini, ba ta shan nono, ba ta naushin Sista Safiyatu. Abin da ya hau ta, ya hau ta ke nan, ba mai korarsa. Wannan yaron yana da rai, jikinsa yana faɗa da abin tun kafin mu gano shi. Taimako kawai yake nema. Maganin yana firji yanzu haka, na yini ina yawon nemansa."

Ɗayyabu bai ji daɗin dariyar ba. Fuskarsa ta ɗaure.

"To in ba irin ta fata ba ce, me ya sa kika kira ta da sunanta?"

"Don ba ni da wani sunan."

"Ku da kuka yi karatu?"

"Mu da muka yi karatu."

Inna ce ta katse su. Tun shigowar likitar tana ta jijjiga jikan nata, wanda take kira Maigida saboda sunan mijinta ne da shi.

"'Yar nan, matso. In an mayar da Maigida, za ki rantse min zai tashi?"

"A'a, Inna, ba zan rantse muku ba. Rai na Allah ne. Na ga waɗanda aka ba maganin suka tashi, na ga waɗanda aka ba suka tafi. Abin da na sani, can akwai magani, nan gawayi ne."

"To ka ji," in ji Ɗayyabu. "Ita ma ba ta da tabbas. A sake kai shi a yi ta huda shi da allura, ƙarshe a miƙo min shi a zani? Na ga yadda suke yi masa, Inna. Har a ka suke soka masa."

Ba wauta ce ta sa shi faɗar haka ba, kuma Aina'u ta san da haka. Mutum ne da ya ga ana huda ɗansa, aka kuma ce masa, a yadda ya ji, babu amfani. Ta buɗe baki za ta sake magana sai ta ga Badi'a ta sauko daga gado.

Yarinyar nan tun da aka kwantar da ɗanta ba a taɓa jin muryarta ta wuce gaisuwa ba. Ta durƙusa gaban surukarta, ta miƙa hannu biyu.

"Inna, ku ba ni shi. Ku yafe ni, ni zan koma."

"Ban ba ki izini ba," in ji Ɗayyabu.

Badi'a ba ta dube shi ba. Hannunta na nan a miƙe. Inna ta dubi ɗanta, ta dubi yarinyar, ta dubi abin da ke cinyarta.

"Ni na ba ta," ta ce. "Kai kuma matsa daga ƙofa."

Aina'u ta warware bargon, ta sa Badi'a ta buɗe riga, ta kwantar mata da yaron tsirara a tsakanin nonuwa, fata da fata, ta ɗaure su da zani. Haka suka ratsa matan rumfa. An fara yayyafi. Suna kaiwa tsakiyar lungu sai ga Ɗayyabu a bayansu da buhun leda, ya ɗaga shi a kan matarsa har mota. Amma bai shiga ba. A madubi Aina'u ta hango shi tsaye a gindin tanki, buhun a hannu.

Da suka isa, an riga an sa wani jaririn a kwalbar Abubakar. Ba laifin kowa ba ne a ɗakin, kwalba ba ta yin awa a buɗe. Laifin yana can wurin waɗanda ke yanke ƙyallen buɗewa a gaban sababbin gine-gine alhali ɗakin jarirai na rabon akwati. Ƙirjin Badi'a ne ya zama kwalbarsa. Jijiyoyinsa duk sun ɓuya saboda sanyi da rashin ruwa. Aina'u ta nema ta rasa, Safiyatu ta ture ta gefe.

"Matsa, Hajiya Sabulu, bari in gwada."

A ƙafa ta samu. Maganin ya fara shiga.

Makonnin da suka biyo baya ba su da daɗin faɗa. Maganin mai ƙarfi ne, yana wahalar da ƙoda, kullum ana duba fitsarin yaron kamar ana duba zinariya. Maganin ya ƙare a tsakiya, Aina'u ta sake shiga gari roƙo. Badi'a na zaune a kujerar roba da yaro a ƙirji har ƙafafunta suka kumbura. A nan wata abokiyar aikinta ta zo dubiya ta shaida mata an sa wata a injinta. Badi'a ta ce to. Ɗayyabu ya riƙa zuwa bayan an tashi aiki, ya ajiye kwanon abinci, ya gaida Safiyatu. In ya hango Aina'u sai ya sunkuyar da kai, ita ma ta sami abin dubawa a wani gefen.

Cikin Abubakar ya sace. Numfashi ya daidaita. Aka sake gwajin jini, faranti ya fito fes, aka kuma sakewa, fes. Ranar Safiyatu har guɗa ta yi, ta manta a asibiti take.

Amma Aina'u ta san halin cutar da ta ƙarar da ƙuruciyarta a kai. In ta zaga jini tana samun wurin ɓuya, ƙoda, ƙwaƙwalwa, ido. Ta kira likitan ido ya zo ya haska. Na dama lafiya. Na hagu ya daɗe a kansa, ya sake ɗiga magani, ya sake haskawa, sannan ya kashe fitilarsa ya girgiza kai. Cutar ta zauna a can ƙasan idon ta yi ɓarnarta ta wuce. Ba zai gani da shi ba.

Wannan karon Aina'u ba ta yi gaggawa ba. Ta zaunar da su biyun a ofishinta, ta rufe ƙofa, ta kashe waya. Ta yi bayani da kalmomi masu yawa, ta sa kowannensu ya maimaita mata abin da ya ji. Badi'a ta yi hawaye ta share, ta ce tunda yana numfashi, alhamdu lillahi. Ɗayyabu ya riƙe tasa tambayar sai ranar sallama.

Ranar, Badi'a na ciki tana haɗa kaya, shi yana baranda an ba shi yaron ya riƙe. Aina'u ta zo wucewa ya tare ta.

"Likita, tambaya gare ni. Kada ki lallashe ni."

"Ba na lallashi, ka sani."

"Da ban ɗauke shi ran nan ba, da idon ya tsira?"

Ita ma ta yi wa kanta tambayar ba sau ɗaya ba, ta wata fuskar: da ta tsaya ta ji abin da ya ji a bencin nan. Ta duba littattafai, ta tambayi likitan ido. Mai yiwuwa cutar ta kai idon tun kafin faranti ya tsiro. Mai yiwuwa kuma yinin nan ne ya ba ta dama.

"Ban sani ba, Malam Ɗayyabu."

"Ki faɗa min gaskiya, zan iya ɗauka."

"Gaskiyar ke nan. Da na sani da na faɗa maka, ko da ba daɗi. Babu gwajin da zai nuna ranar da ta shiga idon. Ni ma zan so in sani."

Da ta ce masa e, da ya sami abin da zai yi wa istigfari. Da ta ce a'a, da ya yi barci. Ba ta ba shi ko ɗaya ba, don ba ta da su.

Yaron ya motsa a hannunsa, ya buɗe idanu. Ɗayyabu ya lura ɓangaren hagu ne ke fuskantarsa. A hankali, da manyan hannayen nan masu tsaga, ya juya shi zuwa ɗaya kafaɗar, ya sunkuyo da fuskarsa daidai idon dama.

"Ga ni nan," ya ce masa. "Ta nan za ka riƙa duba ni."

Badi'a ta fito da ƙullin kaya a ka. Aina'u ta ce su dawo da shi asibitin ido in wata ya kama, kada su yi wasa. Suka ce to. Ta tsaya har suka tsallaka titi suka tari adaidaita mai zuwa Challawa, sannan ta koma ciki, ta tsaya a bokitin bakin ƙofa ta wanke hannu.